Gado da Gajeren Layi

Ranar zaɓen ƙungiyar manoman albasa, hadari ya taso daga gabas tun da hantsi, ya yi baƙi ƙirin, sannan ya watse ko ɗigo bai zubar ba. Ƙarshen damina ne, shekarar da ta biyo bayan yanke Jihar Kebbi. Manoman ƙauyen Danwarai suka taru a fili, gumi na bin wuyansu.

Gado yana cikinsu. Albasa yake nomawa a fadama tun tasowarsa, amma an fi saninsa da rabon watanda. In mutane sun haɗu sun sayi sa don sallah, shi ake miƙa wa wuƙa. Ya kasa tsoka, ya bi kowane kaso da ɗan hanta da ɗan tumbi. Mai kaso biyu ya ɗauki biyu, mai rabi ya ɗauki rabi, ba wanda ke komawa gida da kwano wayam. Haka Gado ya ɗauka ake yin kowane rabo a duniya.

A shekarar ƙungiya ta samu injinan ban ruwa, aka ce shugaban da aka zaɓa shi zai tsara masu amfani da su. Zaɓen kuwa irin na lokacin ne: ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna. Surajo ya fito, Arzika ya fito. Kowa ya san Surajo ya fi jama'a, sai dai Arzika ɗan ƙanwar Gado ne.

Gado ya bi maƙwabtansa gida gida yana cewa, "Ku taho mu tsaya bayan yaron ga, kar shi ji kunya. Ko ba mu ci ba, rabonmu na nan gwargwadon tsawonmu." Suka yarda, don maganar rabo ce kuma daga bakinsa ta fito.

Layin Surajo ya fi tsawo, amma ba da yawa ba. Da aka tashi bayar da injinan, duk suka tafi wajen waɗanda aka gani a dogon layi. Ba a ɓoye aka yi zaɓen ba, kowa ya ga inda kowa ya tsaya.

Gado kuwa ya riga ya kwance jigonsa na ɗiban ruwa ya sa icen a murhu, ya kuma yafa duk irin albasar da ya adana, ya ninka na bara, bisa tsammanin inji. Irin ya fito shar, ya isa dashe, ƙasa tana tsagewa. Shi da matarsa Kande suka kama jan ruwa da guga. Bayansa ya riƙe, tafin hannunta ya fashe, kafin su jiƙa gefe guda ɗayan ya bushe. Maƙwabtan da ya jawo layi suka koma amsa gaisuwarsa ba tare da sun ɗago kai ba.

Sai ya sa hula ya tafi wurin Surajo, ya same shi a rumfa ana juye mai a inji.

"A'a, Baba Gado, sarkin rabo. Yau kuma wace saniya anka kayar?"

"Ni anka kayar, Surajo. Irina na kwanciya. Layinmu bai kai naku ba, na sani, amma mu ma mutane muke, an ƙirga mu. A ba ku mafi yawa, a ba mu saura. Shugabanci ma naka na, ka sa mutum guda namu cikin masu tsarawa."

Surajo ya goge hannu da tsumma. Ba mugu ba ne, Gado ma bai taɓa cewa mugu ne ba.

"Baba, in na raba shugabanci gida biyu, ran da inji ya ɓace wa za a kama? Mutanen ga sun sha rana bayana, injin ma bai ishe su ba. In ɗauke wa wanda ya tsaya min in ba wanda bai tsaya ba? Kuma don Allah, da Arzika ya ci, zai aiko min da kaso?"

Gado ya sassauta murya, ya ce:

"To ara min na yini guda. In dasa ko rabi."

"Bari a gama zagaye tukuna."

Gado ya durƙusa a gaban yaron da aka haifa a kan idonsa. Surajo ya kawar da kai, ya ce, "Tashi, Baba, ana kallo."

Zagayen bai ƙare ba sai da irin ya yi ja ya kwanta. Abin da suka ceto da guga bai cika kwando ba. Albasa ce da Gado ya gada daga ubansa, ja mai jure ajiya, a nan ta yanke.

Yanzu Gado yana Sabon Garin Jega wurin ɗiyarsa. Ranar kasuwa yana zama a gefen tulin albasar wasu, yana tsince ruɓaɓɓu. Fadamar tana hannun Arzika.