Ƙafafun Ɗanbala Mai Haƙar Rijiya

Duk wanda ya sha ruwan rijiya tsakanin Zandam da Surko a shekarun baya, da wuya a ce bai taɓa shan wadda Ɗanbala ya haƙa ba. Gajeren mutum ne kakkaura, mai faɗin kafaɗa, maras yawan magana. Wajen mahaifinsa ya gaji sana'ar, kuma ya fi shekara ashirin da biyar yana shiga rami da dagi ba tare da ko yatsansa ya taɓa karyewa ba. Da damina ya yi noman gero da gyaɗa a Zandam, in rani ya kama ya ɗauki igiyarsa ya bi ƙauyuka. Shi da matarsa Sa'adiyya ne kawai a gida, don 'ya'yansu mata biyu sun yi aure tuni.

A ranin shekara ta biyu da ƙirƙiro jihar Jigawa aka kira shi Surko ya yashe wata tsohuwar rijiya. Ya sauka kamar kullum. Yana sunkuye yana cika guga da laka sai gefen rijiyar ya zabtare, wani ƙaton dutse ya sauko masa a tsakiyar baya. Bai suma ba. Yana jin ihun mutane a sama, yana ganin ruwa ya kawo masa ƙirji, ya yunƙura zai miƙe, sai ya ji babu abin da zai miƙe da shi. Ya kai hannu cikin ruwan ya shafo cinyarsa, ya ji ta a tafinsa, amma ita cinyar ba ta ji hannun ba. A nan tsoro ya fara shigarsa.

Da igiya da tsohon ƙyaure aka fito da shi. Aka kai shi asibiti a Birnin Kudu, daga can aka ce sai Kano. Likitan da ya duba hoton ƙashinsa a Kano ya yi masa bayani a hankali: ƙashin baya ya tsage, ya danne jijiyoyin da ke kai saƙo ƙafafu. Za a yi tiyata a ɗage ƙashin, a ɗaure shi da ƙarfe.

"Zan yi tafiya, likita?"

"Za mu yi namu, Malam. Sauran sai mun ga yadda jijiyoyin suka yi."

Aka yi aikin lafiya. Wata biyu ya yi a kwance, ana juya shi kamar buhu. Da aka sallame shi sai aka haɗa shi da takarda zuwa Birnin Kudu, wai a riƙa yi masa gashi da motsa ƙafa sau uku a mako. Ƙanin Sa'adiyya, Malam Hadi, tela ne a garin, shi ya ba su ɗaki a gidansa.

Mai yin gashin wata ma'aikaciyar jinya ce Kirista, 'yar wajen Filato, ana ce mata Sista Rose. Ta daɗe a garin har Hausarta ta zauna daram. Ranar farko ta ɗauki allura ta tsikari tafin ƙafarsa ta dama.

"Baba, ka ji?"

"Ban ji ba."

Ta hau zuwa ƙauri, ta hau zuwa gwiwa. Sai can saman cinya ya ce kamar ƙuda ya sauka. Ta yi alama da biro a wurin, ta ce ai wannan ma abin godiya ne. Shi dai ya kawar da kai bango.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne ƙarfen nan na bayansa. Gani yake in ya yi tari da ƙarfi zai goce, in ya yi atishawa zai tsinke. Ya daina dariya, ya rage cin abinci don kada ya yi nauyi. In Sa'adiyya za ta ɗaga shi zaune sai ya riƙe wuyanta da hannu biyu yana salati, gumi na tsattsafo masa a goshi, har sai ta jingina shi da matashi. Ga kunyar fitsari, wanda ba ya sanin fitarsa sai ya ga zane ya jiƙe. Mutanen Zandam kan zo dubiya ranar kasuwa, shi kuwa yakan ce a gaya musu barci yake.

Damina ta wuce a haka, kaka ta wuce. Ran nan da safe lokacin sanyi Sa'adiyya ta ajiye masa kaskon garwashi kusa da tabarma ta fita wanke-wanke. Yana zaune yana jan carbi sai ya ji ƙauri. Ya duba ko bargo ne ya kama, sai ya ga diddigensa na hagu jingine da bakin kaskon, fatar ta yi fari ta kumbura. Bai ji komai ba. Ya ƙura wa ƙafar ido, ya kasa ko kiran sunan matarsa. Da ta shigo ta gani ta yar da kwanon hannunta.

"Innalillahi! Malam, tun yaushe?"

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba. Da ɓera ne yake ci ma haka zan zauna."

Tun daga ranar ya zama mai gadin ƙafafunsa. Bini-bini ya yaye bargo ya ƙirga yatsu, ya leƙa ko wani abu ya hau su.

Bayan makonni kaɗan wani sabon abu ya zo. Tafin ƙafarsa ta dama ya kama zugi, kamar an tsaga an zuba barkono, wani sa'in kuma kamar ana caka masa ƙaya daga ciki. Ɗanbala ya tabbatar wa kansa ruɓewa ƙafar ta fara, kuma in likitoci suka ji yanke ta za su yi. Ya ɓoye. Kwana tara yana cije leɓe, ya ƙi zuwa asibiti, ya ce mura yake yi. A rana ta goma sai ga Sista Rose da kanta bayan ta tashi aiki, ta yi sallama ta shigo da jakarta.

"Baba, wace irin mura ce mai kwana tara?"

Ya yi ƙoƙarin jawo bargo ya rufe ƙafarsa. Ta durƙusa ta kama babban yatsan ƙafarsa ta dama ta matsa, sai ya ƙwalla ƙara har Malam Hadi ya baro kekensa na ɗinki a zaure ya shigo da gudu. Ita kuwa Sista dariya ta kama yi, har da tafi.

"Kada ki bari su yanke min," ya ce, hawaye na zuba. "Don Allah, Sista."

"Wa zai yanke ƙafar da ta fara magana? Baba, jijiya ce take farkawa. Ciwon nan shi muke jira tun watanni. Motsa min yatsan."

Ya tattara duk ƙarfinsa ya aika. Yatsan ya ɗan girgiza, kaɗan ƙwarai. Sa'adiyya ta toshe baki da mayafi.

Daga nan aiki ya sauya. Malam Hadi ya kafa gora biyu a tsakar gida bisa turaku, kamar yadda Sista ta kwatanta, tsayin ƙugu, don ya riƙa dafawa. Ranar da aka fara tsayar da shi, ƙasa ta yi masa nisa, kansa ya juya, ya roƙa a zaunar da shi kafin a ƙirga biyar. Sannu a hankali ya kai ƙirgen hamsin. Ya fara jan ƙafar dama taku ɗaya, ya jawo ta hagu da ƙugu. Ita ta hagun ba ta ɗaga kai, yatsunta sai su riƙa sharar ƙasa.

Su ne suka kayar da shi. Wata ranar Talata da hantsi yatsun suka harɗe da gindin turke, hannunsa ya suɓuce daga gorar, ya zube a gefensa. Ya ji wani abu ya ce ƙas. Ya kwanta yadda ya faɗi, ya hana kowa taɓa shi, yana ta cewa ƙarfen ya karye, shi ke nan. A kan ƙyaure aka sake ɗaukarsa zuwa asibiti. Aka ɗauki hoto, Sista Rose ta ɗaga shi a hasken taga ta nuna masa ƙarfen yana nan a miƙe yadda aka sa shi. Gorar ce ta tsage. Ya gani da idonsa, ya gyaɗa kai, amma da aka koma gida ya ce shi da tsayuwa har abada.

Kusan wata biyu ya yi a tabarma. Sista ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce naman ƙafar zai shanye in bai yi aiki ba. Malam Hadi ya kawo limamin unguwa ya yi masa nasiha. Duk ya saurara, ya ce ya gode, amma da an miƙo masa hannu sai ya ƙanƙame gefen tabarma.

Sa'adiyya ba ta taɓa sa baki ba. Ita ke ɗaga shi, ita ke kai shi bayan gida a kafaɗarta, ita ke wanke shi. Wata rana tana sallar la'asar a gabansa ya ga ta yi ruku'u ta kasa ɗagowa. Ta dafa gwiwa, ta dafa bango, ta miƙe a karkace tana cije baki. Da ta yi sallama ya ce, "Me ya same ki?"

"Ba komai, Malam. Bayan ne yake ɗan riƙewa."

"Tun yaushe?"

Ta ce tun kaka, kuma kwanan nan har yana sauka mata ƙafa.

Ɗanbala ya san me ake nufi in ciwon baya ya sauka ƙafa, ya kuma san nauyin wa ta yi wata goma tana ɗauka. Ya hango su biyu a kwance a ɗakin Malam Hadi, ana juya su. Wannan tsoron ya fi na faɗuwa girma. Washegari da safe ya ce a kira masa Malam Hadi a canja gorar.

Ba wai fargabar ta tafi ba ne. Duk sanda ya kama gorar nan sai ya yi bisimilla sau uku kafin ya ɗaga ƙafa. Sista Rose ta yanko robar tsohon tif ɗin keke ta ɗaure daga kan takalminsa na hagu zuwa ƙasan gwiwa, robar ta riƙa ɗaga masa yatsun. Ta kuma hana Sa'adiyya ɗaukar ko da tulu, ta sa aka duba ta aka ba ta magani. Daga gora ya koma sandunan hammata, daga tsakar gida zuwa zaure, daga zaure zuwa bakin titi. Ya sake faɗuwa sau biyu. Kowane karo sai ya kwanta shiru yana sauraron bayansa, in bai ji komai ba ya ce a ɗaga shi.

Shekara biyu da 'yan watanni bayan hatsarin suka koma Zandam a motar a-kori-kura. Da ƙafarsa ya shiga gida, da sanda a kowane hannu, mata na ta guɗa.

Bai ƙara shiga rijiya ba, ko leƙa ta ba ya son yi. Ya koyi tufkar igiya da ɗinkin guga, yana zama da su a ƙofar gida, masu haƙa na zuwa tambayarsa irin ƙasar da ke zabtarewa da wadda ke riƙewa. Ƙafar hagu ba ta taɓa dawowa sosai ba, daga idon sawu zuwa ƙasa har yau a mace take. Yanzu sanda ɗaya yake riƙewa, a kan kujera yake salla. In an yi ruwa ƙasa ta yi santsi ba ya fita ko'ina sai ta bushe, ko da ɗaurin auren jikarsa ne, kuma mutanen gari sun sani, sukan jira shi.