Galma Iri Biyu

Mahaifina maƙeri ne, kuma tun ina yaro ƙarfen mota yake ƙerawa. Duk bayan 'yan makonni zai bar ƙauyenmu da ke kusa da Mabai ya tafi Sheme, ya bi rumfunan makanikai na bakin titi, ya dawo da karyayyen sifirin a kafaɗa. Ya ce babu ƙarfen da ke riƙe kaifi kamarsa. Da shi yake yin hauya da lauje da gatari, amma abin da aka san shi da shi galma ce, babbar nan ta huɗa. Idan ya gama kowace sai ya buga mata ɗigo uku kusa da wuya, don a san daga maƙerarsa ta fito. Bugun masaba na shekara da shekaru ya cinye masa kunne, sai an matso an ɗaga murya yake ji.

Ba zan iya cewa ga ranar da aka daina sayen galma ba. Mutanen daji suka fara da shanu, suka koma kan mutane, aka bar gonakin nesa, sannan aka bar na kusa da su. Makarantar firamaren da nake koyar da Hausa aka rufe ta, na dawo gida na zauna. Da yake Baba ba ya jin waya, sai aka miƙa mini ita. Aikina ke nan a lokacin, in amsa waya in kai masa saƙo kunne.

'Yan sa-kai sun yi ta zuwa suna roƙonsa ya yi musu bindiga, yana ƙi. Damina guda ya yi yana ƙi. Ƙanena kuwa, wanda ya koyi walda a Sabuwa yana yin ƙofofi da tagogi, tuni ya fara ƙera ta a bayan gida, don babu mai gina ɗaki bare ya sa ƙofa. Bayan an shigo unguwarmu an kashe maƙwabta biyu, mai unguwa ya zo ya zauna a maƙera tun hantsi har azahar. Ban ji abin da suka ce ba. Da Baba ya sake zuwa Sheme bai dawo da sifirin ba, sandunan sitiyari ya ɗauro, masu rami a ciki. Wutar ita ce dai, zuga-zugin su ne, uwar maƙera tana inda take tun zamanin kakana. Abin da ke fitowa ne ya sake. Kafintan da ke yi mana bencin makaranta ya koma sassaƙa ƙotar bindiga, telan da ke ɗinka wa ɗalibaina riguna ya koma ɗinka rigar layu. Ban ga wanda ya yi mamaki ba, ni ma ban yi ba. Abu ɗaya na lura da shi, Baba bai taɓa buga ɗigo ukun nan a jikin bindiga ba.

Sunanta ba ya faɗuwa a waya ko a kasuwa, saboda ba ka san wanda ke kai wa daji rahoto ba. Ban san wanda ya fara ba, amma sai aka koma ce mata galma. A bugo daga wajen Faskari a ce a yi mana galma uku, za mu gona. Ni kuma in tambaya babba ko ƙarama. Idan an gama, ƙanena ya raba ta biyu ya cusa cikin buhun harawa ya ɗaure baki. Shekara biyu muna haka, kuma a shekara biyun nan ko mutum ɗaya bai nemi ta noma ba. Kowa a ƙasarmu ya san dokar hanya. Idan mutanen daji suka tare ka da kayan noma, za su iya karɓe waya su mare ka su ce wuce. Idan suka same ka da bindiga ba sa tambayarka komai.

Baba yana da aboki a Pauwa, manomi, sa'arsa, tun suna samari. Malam muke ce masa. Shi kaɗai ke kiran Baba kurma a gabansa ya zauna lafiya. Da can duk bayan shekara biyu ko uku yakan zo ya karɓi sabuwar galma, ya yi ta kushe ta yana cewa hannun Baba ya tsufa, sannan ya ɗaure ta ya tafi yana murna. Tun da aka bar gonaki bai zo ba. Mun dai ji rumbunsa ya ƙare, ga jikoki cike da gida.

Ana gab da faɗuwar damina ya bugo, bayan azahar. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Ya ce an ce bana za a bar mutanen wajensu su yi noma, shi kuwa ya gaji da ganin yara suna kwana da ruwan kanzo, ko mi za a yi bana sai ya huɗa gonarsa.

"Ka ce ma kurman nan ya yi mini galma," in ji shi. "Gona za ni."

Na ce, "Malam, babba ko ƙarama?"

"Wadda za ta iya da gonar nan tawa ta bakin daji."

Na ji gona, na ji bakin daji. Duk wanda ya bugo haka yake cewa. Na fita maƙera na duƙa a kunnen Baba na ce Malam na Pauwa yana son galma, babba. Ya ajiye awartaki ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Shi ma?" Na ce shi ma. Wannan bai bar wa ƙanena ba, da kansa ya yi ta, kwana biyar, yana gwadawa yana sakewa, don kada ta ba abokinsa kunya.

Ranar da Malam ya zo karɓa, Baba ya tafi Sheme. Da yana nan da magana biyu ta warware komai, amma ba ya nan. Malam ya zo a bayan ɗan acaba, ya rame, rigar ta yi masa yawa, bakin dai yana nan. Ya sha fura a zaure, ya ce a gaya wa kurma ya gudu ne don ya san aikin bai yi kyau ba. Ƙanena ya fito da buhu ya ɗaure a bayan mashin. Malam ya tsaya yana dariya.

"Yau kuma galma ake ɓoyewa cikin harawa kamar kayan sata?"

Na ce, "Haka muke yi yanzu, Malam. Kada ka kwance sai ka isa gida."

Ya ce to madalla, akuyarsa ta samu abinci, mu gode wa kurma da gyara. Da kunnena na ji wannan tambaya tasa. Ni da na yi shekaru a gaban allo ina koya wa yara cewa kalma ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana biyu, na ji ta, na yi dariya, na riƙe masa mashin ya hau. Wallahi ko ɗar ban ji ba.

Ɗan acaban ne ya zo washegari da ƙafa ya ba mu labari. Mutanen daji sun tare su kafin la'asar, su da wasu mashina uku. Aka karɓe wayoyi, aka bi kowa ana tambayar abin da ya ɗauko. Mai gishiri ya ce gishiri, aka duba aka ce ya koma gefe. Da aka zo kan Malam ya ce galma ce, gona za shi. Suka dubi buhun suka ce wace irin galma ce cikin harawa. Ya rantse musu. Ya ce su dakata ma ya nuna musu, aikin abokinsa ne, ba a yin irinta a ƙasar nan. Da hannunsa ya kwance igiyar. Ɗan acaban ya ce da Malam ya zura hannu ya jawo abin, sai ya tsaya yana kallonsa, bai ma sake shi ba. Sauran aka ce su bar mashinan su tafi kada su waiwaya, suna tafiya suka ji ƙarar.

A nan na gane. Ina zaune kan tabarma, na gane tun daga wayar har zuwa dariyar zaure. Na tashi na je maƙera. Irin wannan magana a hankali ake faɗinta, amma Baba ba ya jin a hankali. Na duƙa na ce an kashe Malam. Ya ji wannan, ya yi salati. Na ce ta noma yake so, ba waccan ba. Ya ce mi? Na ƙara murya. Ya ce mi? Sai da na faɗa sau uku, na ukun da ƙarfin da matan maƙwabta suka ji ta kan katanga. Bai zage ni ba, bai ce laifina ne ba, har yau bai ce ba. Ya ɗauki masaba ya mayar da ita inda take.

Na so in yi kuka, babu. Aka kawo tuwo na ci, na cinye. Na yi sallah, na amsa waya biyu, ɗaya daga Sabuwa, suna son galma huɗu. Na tambaye su babba ko ƙarama. Abin da ya fi damuna da kaina ke nan, ban ji komai ba, kuma bakina bai yi kuskuren tambayar ba.

Kwana biyu Baba yana tone tarin ƙarafan bayan maƙera, har ya samu guntun sifirin da ya yi tsatsa. Ya hura wuta da kansa, ya hana kowa taɓa zuga-zugi. Na daɗe ban ji irin wannan bugun ba, na shimfiɗa ƙarfe, mai faɗi, ba na lanƙwasawa ba. Hannunsa bai manta ba. Ya fitar da galma babba, ya wasa ta, ya sa mata ƙota, ya buga ɗigo uku kusa da wuya. Bai sa ta a buhu ba.

Ranar addu'ar bakwai muka tafi Pauwa cikin motar kasuwa, galmar tana kan cinyarsa a fili, mutane suna kallonta. A ƙofar gidan an shimfiɗa tabarmi. Babban ɗan Malam ne ke karɓar gaisuwa, magidanci, ya girme ni kaɗan. Ya riga ya san yadda aka yi, ɗan acaban ya gaya wa kowa. Na yi zaton zai tashi ya shaƙe ni, na ma so ya yi. Sai ya ba ni hannu ya ce Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Aka yi addu'a aka shafa. Baba ya tura galmar gabansa ya ce ga saƙon mahaifinsa, ita ya aika a yi masa.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya juya ta, ya shafa ɗigon da babban yatsa, ya jingine ta jikin bangon zaure. Jikokin suna leƙowa daga ciki.

"Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri," in ji shi, murya ƙasa ƙasa. "Amma gonar ba mai zuwa yanzu. In da hali, a yi mini ɗayar."

Baba ya juyo wajena ya ce, "Mi ya ce?"

Mutane sun kai talatin a kan tabarmin nan. Na duƙa a kunnensa na ɗaga murya na ce ya ce sun gode, amma ɗaya galmar yake so. Sau ɗaya na faɗa, ya ji. Ya dubi wadda ke jingine a bango, ya dubi ɗan abokinsa, ya ce in tambaye shi babba ko ƙarama.