Ranar da Baba ya auna haske da tef

Baba bai taɓa sa wa wani abu kuɗi ba sai ya auna shi. Shekara da shekaru yana yankan gilashi a shagonmu da ke Sarkin Dawaki, lubar taga da madubi da gilashin kanta, kuma lissafinsa ɗaya ne: tsawo ƙafa kaza, faɗi ƙafa kaza, ga kuɗinka. Na tabbata da za a kawo masa amarya, tef ɗin awo zai fara zarowa kafin a yi maganar sadaki.

Ni kuwa, da gemuna da 'ya'yana biyu, sai na kamu da son ɓaraguzai. Mun yi wa wani coci aikin tagogi, aka bar mana guntayen gilashi ja da shuɗi da ruwan ɗorawa cike da kwali. Na ga a waya yadda ake haɗa su da dalma, na ƙona yatsuna har suka daina jin zafin shayi. Mako uku na yi ina haɗa hoton duwatsun garin nan da rana tana faɗuwa a bayansu, na sa masa zobe biyu da sarƙa. Ina son abin nan, ba zan ɓoye ba. Baba ya ce wasan yara ne, ya kuma kafa mini sharaɗi: in ya sayu, in ci gaba, in aka dawo da shi, kwalin ya tafi bola, ni kuma in koma yankan luba har in tsufa.

Na tafi Abbare sa madubi a wani shagon aski, na dawo na tarar babu shi. Wani Alhaji mai fataucin shanu daga Mayo Gwoi ya gan shi a bakin ƙofa rana na dukansa, ya taya. Baba ya zaro tef, ya samu ƙafa biyu da ƙafa ɗaya da rabi, ya yi masa kuɗin farin gilashi. Sannan ya rage masa wani abu, wai ai fasasshe ne, liƙa shi aka yi.

Raina ya ɓaci har na kasa cin tuwo. Mako ukuna aka sayar a kuɗin da ko dalmar bai biya ba, har da ba mai saye haƙuri. Na ce, "Baba, aikin hannu fa?" Ya ce, "Hannun ƙafa nawa ne?" Na tashi na bar masa wurin, don in muka ci gaba sai an kira dangi.

Kwana biyu sai ga kiran Alhaji. A zo a ɗauki kaya. Baba, wanda ke alfaharin ba a taɓa dawo masa da ko madubin aske ba, ya sa farar rigarsa, ya ce in wuce gaba in ga abin da na jawo masa. Muka tari Keke Napep.

Bayan la'asar muka isa. Alhaji ya tare mu da fara'a, aka yi jam, jam irin gaisuwar Fulani, sannan ya nuna bango. Ga aikina an kafa masa ƙusa tsakanin agogo da kalanda, ya yi baƙi ƙirin kamar murfin tukunya. Tagar falon kuma an lulluɓe ta da labule mai kauri, don kada rana ta cinye kujeru.

"Malam, gilashi nan ta mutu," in ji Alhaji. "A shago tana da rai. Na kawo gida, ta mutu. Ko akwai batir ne ba ku ba ni ba?"

Baba bai yi gardama ba. Ya zaro kuɗin mutumin ya mayar masa, ya ce a yi haƙuri, aikin ɗan koyo ne. Wannan kalma ta fi komai yi mini ciwo. Na cire abina daga ƙusa, na ce Alhaji ya ba ni izinin abu ɗaya kafin mu tafi. Na yaye labulen, na buɗe luba, na rataya sarƙar a ƙarfen taga.

Rana ta shigo ta cikinsa. Ja da shuɗi da ruwan ɗorawa suka kwanta a kan tayil, suka miƙe har ƙarƙashin kujera, wani ya hau rigar Baba. Ya tsaya yana kallon cikinsa ya zama shuɗi, ya sa hannu ya kakkaɓe, bai fita ba. Matan gidan suka fara leƙowa ta ƙofa.

"To, ta tashi," in ji Alhaji. "A bar ta nan. Kawo in mayar maka kuɗinka, Malam."

Baba ya ce a dakata, wancan ciniki ya mutu tun da an mayar da kuɗi. Ya zaro tef. Na ɗauka gilashin zai sake aunawa, sai na ga tsoho ya durƙusa a ƙasa, da ciwon gwiwarsa da komai, ya miƙo mini bakin tef ɗin ya ce in riƙe a inda jan ya fara. Ya ja har ƙarƙashin kujera.

"Alhaji, ni na yi kuskuren awo. Ƙafa bakwai ne."

"Wannan ai haske ne, Malam. Na Allah ne."

"Na Allah fari ne. Wannan na yarona ne. Kuma ka yanke shawara da wuri, rana na sauka, yana ƙara tsawo."

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, ya taya, Baba ya ce albarka. Ban taɓa jin ya faɗi kalmar nan da daɗi irin na ranar ba. Sau uku yana faɗa kafin ya sallama.

A hanyar komawa bai yabe ni ba, ba halinsa ba ne. Sai da muka kusa shago ya tambaye ni inda na ajiye kwalin. Na ce yana bayan ƙofa. Ya ce, "Ɗauke shi daga nan, kada wani sakarai ya zubar."