Mun ɗora ƙashin Gwaggo, mun manta da zuciyarta

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Gwaggo Asabe, yayar mahaifina da ta riƙe ni a Balan tun ina 'yar shekara huɗu. Har yau in na tuna ta, dariya ce ke riga hawaye zuwa, don mace ce da ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Ko mai unguwa sai ya shirya kafin ya tsokane ta.

Doguwa ce a da, tana ɗaukar ƙwaryar nono a ka har kasuwar Gaya ko ɗigo bai zuba ba. Da girma ya zo sai ta fara raguwa. Ragayar da take rataye ƙwarya ta fi ƙarfin hannunta, muka sassauto mata da igiyar. Bayan damina biyu muka ƙara sassautowa. Jikoki suka samu abin wasa, ita kuma ta rantse ba ita ta gajarce ba, magini ne ya cuce ta da ɗakin da ke ƙara tsawo.

Sau uku tana karaya. Na farko tuntuɓe ta yi da turmi. Na ƙarshe kuwa, wallahi ƙasa kawai ta dafa za ta tashi daga sallaya, wuyan hannu ya tafi. Kowane karo mai ɗori muke kira, wani dattijo da ya gaji sana'ar, kuma gaskiya gwani ne, ƙashi yana kamawa. Gwanintarsa ce ta rufe mana ido. Tunda hannu ya warke, wa zai yi zancen asibiti? Hakin da take yi in ta taka zuwa rijiya da kumburin ƙafa duk muka jingina wa tsufa. Wata Laraba da hantsi tana dama fura ta dafe ƙirji, kafin a samo adaidaita rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙanta.

Bara aka kira ni daga Toranke, wai ƙanwarta Gwaggo Talatu ta zame a bakin randa ta karya hannu. Na iske har an aika a kira mai ɗori. Da ta miƙe ta tarbe ni sai na ga matar da nake ɗaga kai in kalla ta dawo daidai kafaɗata. Na ce asibiti za mu. Ta ce kaf danginmu ba a taɓa kai wa likita ƙashi ba, kuma ba a kanta za a fara ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, a banza. Daga ƙarshe na faɗi abin da ke raina.

"Gwaggo, tsoro nake ji. Haka muka yi wa yayarki har muka rasa ta, kuma ke kaɗai ce gwaggon da ta rage mana."

Sai ta ce a miƙo mata mayafinta.

A Gaya likita ya fara naɗa mata abin awon jini a hannun mai lafiya. Ta kalle shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, ɗayan ne ya karye." Ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa. Jininta ya hau sosai, ita ko a jikinta. Ya bayyana mana cewa a jikin tsofaffi, musamman mata bayan ɗaukewar al'ada, zaizayewar ƙashi da ciwon zuciya sukan tafi tare. Duk wadda ke gajarcewa ko take karaya a kan ƙaramin abu, a duba mata jini da zuciya, kada a tsaya a ɗori. Ina sauraronsa ina ƙirga shekarun da muka yi muna dariya, kunya ta kama ni.

Nakan tambayi kaina abin da Gwaggo Asabe za ta ce da ta ga ƙanwarta yau, ga ƙwayoyi safe da yamma, ga rage gishiri, ga tattaki da hantsi bisa umarnin likita. Na san cewa za ta yi an mayar da tsofaffi tayar keke, kullum ana buga musu iska. Amma na san da za ta gama mitar ta miƙa hannun.

Ajali na Allah ne, ban ce da mun kai ta asibiti da tana nan ba. Sai dai rasuwarta ta koya wa gidanmu tambayar da ba mu iya ba a da, kuma albarkacinta tsofaffi huɗu a danginmu suke zuwa awo duk wata. Gwaggo Talatu ce ke gaba, tana faɗa da duk wadda ta makara. Makon jiya na kai mata maganinta, muka yi wa marigayiya addu'a, ta shafa ta ce da ni:

"Yaya ta riga ni aure, ta riga ni ganin jika, can ɗin ma ta riga ni. Ta yi haƙuri ta jira, ni ba sauri nake ba."