Littattafan Zanen Ishaku da Na Ɓoye

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Ishaku, kuma shekara bakwai na yi ina yi wa matarsa ƙarya. Gara in faɗa da bakina tun daga farko: kishinsa nake yi. Na yi yana raye, da ya mutu ma ban fasa ba.

Tare muka karanta zanen gine-gine a Zariya, ni Musulmi ɗan Kano, shi ɗan fasto daga Kafanchan. Na samu tallafin karatu na zo Birmingham, na yi digiri na uku, na zama malamin jami'a a Edgbaston. Shi kuwa ya biyo matarsa Rahila, ma'aikaciyar jinya, zuwa Manchester, ya ƙare da loda kwalaye a wani sito a Cheetham Hill. A idon jama'a ni ne na yi gaba. Ni dai na san abin da na sani.

Duk Asabar sai ya ɗauki fensir da littafin zane ya nufi wani tsohon babban coci. Wata rana ya ja ni zuwa na Manchester. Ya durƙusa a wurin zaman mawaƙa, ya ɗaga wata kujerar katako mai naɗewa, ya nuna mini ɗan tudu a ƙarƙashinta. Ya ce limaman dā kan daɗe a tsaye suna addu'a, shi ne aka yi wannan don tsofaffinsu su ɗan jingina ba a gane ba. A ƙasan tudun an sassaƙa dabbobi da mutanen gari, har da wata mata tana balbale mijinta da faɗa don ya fasa mata tukunya.

Ya shafa katakon da yatsa ya ce, "Dakta, taɓa nan. Bakin ƙarfen masassaƙin nan ya dakushe, ya yi ƙyuyar wasa shi."

Ni da na rubuta babi guda a kan cocin nan, ban taɓa ɗaga kujerar ba. Na yi dariya tare da shi, amma ranar abinci bai yi mini daɗi ba.

Bayan an binne shi, Rahila ta miƙo mini kwali cike da littattafansa. "Kai ka san publishers, Dakta. Ka taimaka a buga masa."

Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ya zana yadda nauyin rufi ke gangarowa ta ginshiƙai ya fita zuwa ginshiƙan da ke tokare ginin daga waje, har bango ya samu sauƙin da za a huda masa manyan tagogi. A gefe ya jera bakan gizon rufin soro da maginan Zariya ke ɗaurawa da azara da ƙasa, ya yi bayanin duka da Hausa mai sauƙi. Littafin da na daɗe ina cika baki zan rubuta ke nan, ga shi mai loda kwali ya gama shi ranakun Asabar. Na rufe, na cusa kwalin a saman kabad.

Duk shekara sai Rahila ta kira. "Dakta, any news?" Ni kuma in ce, "Ana kai, Maman Talatu, kin san mutanen nan da jan rai." Ban kai wa kowa ba.

Yanzu ɗalibaina na'ura suke kafawa ta auna gini cikin mintuna. Da Ishaku yana nan, zai yaba, sannan ya tambaye su ko sun taɓa bangon da hannu. Abin da zai ce da ni shi ne ban son tunawa. Shi ya taɓa gaya mini cewa lokacin yaƙin duniya na biyu an ciro tagogin gilashi masu launi na babban cocin Birmingham an ɓoye, da ƙura ta lafa aka mai da su. Waɗancan don kare kaya suka ɓoye. Ni don kada a gani na ɓoye.

Makon jiya na hau jirgin ƙasa zuwa Manchester, na kai kwalin gidanta a Gorton, na faɗa mata komai. Na zaci za ta yi kuka ko ta kore ni. Sai ta zuba mini shayi.

"Na gane tun tuni, Dakta. Yana asibiti ya ce in ba ka. Ya ce za ka ji haushinsu sosai, amma kai kaɗai ne za ka san abin da ke ciki."

Na ce ta bar mini su wata guda, wallahi wannan karon zan kai. Ta girgiza kai. Ta ce 'yarsu Talatu ta girma, ita za ta bi zancen.

Ishaku bai gina ko ɗaki ɗaya a ƙasar nan ba. Abin da ya bari kwali ne na takardu, da idon da har yau nake jin zafin ban da irinsa. Za a buga littafin nan in Allah Ya so. Da na yi abin da ya kamata, ni zan rubuta masa gabatarwa. Yanzu sai dai in je kanti in saya kamar kowa.