Zanen da Na Yaga

Shekara goma sha ɗaya na yi ina gadin wata ƙaramar sakandare a unguwar Bulpiela, a ƙasar Dagomba. Ban taɓa zama a aji ba. Aikina buɗe ƙofa, korar awaki, da hana masu babur ratsa fili.

Abu ɗaya na gada wurin mahaifina: wata tsohuwar waƙa ta fatake, baiti hamsin da biyu. Shi ma wurin ubansa ya karɓa, wanda fataucin goro ya kawo shi ƙasar nan. Yadda aka koya mini shi ne ya faɗi baiti, in maimaita. In na kuskure, bulala. Ba a tambaya. Cikin 'ya'yana ba wanda ya ɗauka. Jikata ce kaɗai ta fara, 'yar 'yata, wadda take aji biyu a makarantar. Ta kai baiti tara. In ba ta hannunta ba, da ni za a binne waƙar.

Wata rana malamarsu, 'yar Dagomba ce, ta ji ni ina rerawa a bakin ƙofa. Hausarta ta kasuwa ce.

"Baba, wannan waƙa, wa ya yi shi?"

"Wanda ya yi ta ya mutu."

"To ka zo aji. Waɗanda muke karantawa ma duk sun mutu."

Ta ce tsofaffin waƙoƙin Turawa take koya musu, yaran kuma gyangyaɗi suke yi. Tana son su ji ta gida. Na ƙi. Jikata ta ce, "Tsoho, yara kake tsoro? Ga matarka a ajin, wa zai taɓa ka?" Na je.

Na tsaya gaban allo na rera baiti goma sha biyu, jikata tana juya musu da Dagbanci, yaren Dagomba. A baiti na goma sha biyun, ɗaya daga cikin fataken ya kwanta ciwo a hanya. Damina ta matso, kogi zai cika. Suka kwantar da shi a gindin kuka, suka ajiye masa gorar ruwa, ayari ya wuce. Waƙar ta ce sun yi daidai, sun bar shi ga Allah. Jikata ba ta taɓa jin wannan wurin ba sai ranar.

Malamar ta ce, "To, me kuka gani?"

Sai aji ya kaure da musu. Wannan ya ce madugu ba shi da imani, wancan ya ce in sun tsaya duk za su halaka. Tun da nake ban taɓa jin an yi wa waƙa gardama ba. Raina ya fara ɓaci.

Aka raba takardu da fensira masu launi. Yawancinsu jakuna suka zana, da kogi, da huhun goro. Jikata mutumin ta zana shi kaɗai a gindin kuka, idonsa a buɗe, yana kallon hanya. Ta miƙe ta ɗaga takardar.

"Ni ban yarda da mai waƙar ba. Ba Allah suka bar wa shi ba, yar da shi suka yi. Ai jaki ɗaya za su sauke wa goro su ɗora shi."

Ina ɗan shekara ashirin na bar ƙanena a tashar mota a garin Yeji, zazzaɓi ya kayar da shi. Motar da za ta kai mu aikin gonar koko ba ta jira. Na ajiye masa ruwa da burodi, na ce zan dawo bayan mako guda. Da na dawo an riga an binne shi. Ban taɓa gaya wa kowa a gidana ba. Wannan baitin na jingina da shi duk shekarun nan.

Na fizge takardar na yaga ta biyu.

"Ubana bai taɓa tanka wa waƙar nan ba. Ke wace ce?"

Malamar ta ce, "Baba, ni na ce su faɗi ra'ayinsu."

Na fita na koma bakin ƙofata.

Daga ranar yarinyar takan kawo mini abinci, ta gaishe ni, ta tafi. Ba tsokana, ba waƙa. Na zauna jiran ta zo ta ba ni haƙuri, tunda ita ce ƙarama. Haka muka yi shekara da rabi. Sau biyu na buɗe baki zan ba ta labarin Yeji, sai in aike ta sayen sukari. Ta gama makaranta, uwarta ta ɗauke ta zuwa Kumasi.

Bara na kira ta a waya. Bayan gaisuwa na ja mata baiti na goma. Ta ce, "Kaka, tara ɗin ma sun zube."

Kafin in bar aikin, malamar ta zo da wayarta ta ce in rera ta ɗauka, kada waƙar ta ɓace. Muka zauna a inuwar darbejiya bayan an tashi yara. Na rera tun daga farko har ƙarshe. Da na zo kan mutumin gindin kuka na dakata kaɗan. Na ci gaba.