Habu Tela da Kashi na Uku

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon Habu a Wunti ya san ba ya bari ka gama sallama kafin ya jefo maka tambayarsa. Ƙafa a kan keken ɗinki, tef a wuya, allura a gefen baki, sai ya ɗago ya ce, "Ya fito?" Ka ce bai fito ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya sa muna da rabon gani," ya koma kan ɗinkinsa. Akwai wani dattijo da ya kawo gyaran jamfa, ya ji wannan tambaya, ya ɗauka wani ɗan'uwanmu ne ke tsare a gidan yari. Bawan Allah ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a Allah ya fito da shi lafiya. Habu ya shafa, ya ce amin da ƙarfi, har da godiya.

Gem ne fa ake jira. Kashi na uku na wani gem, wato wasan bidiyo, da muka taso muna bugawa, irin wanda ake ba ka jarumi ka yi ta yawo da shi gari-gari, kana magana da mutane, kana yaƙi, abin da ka zaɓa kuma shi labarin zai bi. Mun gama na ɗaya, mun gama na biyu, masu yin sa suka ce na uku yana tafe. Shekaru suka yi ta wucewa yana tafe.

Ni taubashinsa ne, mahaifiyarsa goggona ce, saboda haka ina da lasisin tsokanarsa, kuma na yi amfani da shi iya ƙarfina. Amma ku da kuka san shi kun san Habu da sikila aka haife shi. Kun san idanun nan nasa masu ruwan ɗorawa, da yadda yake ɓacewa mako biyu a asibiti ya dawo ya ƙara ramewa. Mu jiran masu lafiya muke yi, in bai fito bana ba ya fito baɗi. Shi kuwa in ya ce "rabon gani", da gaske yake nufi. Mun san haka, shi ma ya san mun sani, sai dai babu mai faɗa.

Yadda yake buga gem ɗin ma abin kallo ne. A irin wannan wasan kowa ya san ana shiga gidajen mutanen gari, a buɗe akwati, a fasa tulu, a kwashe abin da aka samu. Haka aka tsara shi. Habu fafur ya ƙi. In ya kai jaruminsa ƙofar wani gida sai ya tsaya, ya yi sallama da bakinsa, ya ɗan saurara, sannan ya shiga. Wata rana muna bayan shago da yamma, ya shiga gidan wata tsohuwa a cikin gem ɗin, ga akwati a kusurwa yana ƙyalli. Ni na san takobi ne a ciki, wanda babu kamarsa a duk yankin.

Na ce, "Habu, buɗe akwatin nan!"

Ya ce, "Naka ne?"

"Don kai aka ajiye shi! Masu gem ɗin ne suka sa!"

"To tsohuwar ta ce in ɗauka? Ga ta nan tsaye tana kallona."

"Ba mutum ba ce, zane ce!"

Ya ce, "Ita zane ce. Ni fa?"

Haka ya fita ya bar takobin. Jaruminsa shi ne mafi tsiya a duk Bauchi, da wata guntuwar wuƙa da riga mai faci yake yawo. Dodon da muke kashewa a zama ɗaya sai ya kai shi wata guda yana fama. In mun yi masa dariya ya ce shi dai bai ci haƙƙin kowa ba, mu kuma mu shirya amsa tambaya.

Da aka fara sakin tallan kashi na uku, sai wata sabuwar fitina ta tashi. Habu ya rantse ba zai kalla ba, ba zai kuma saurari labarinsa ba. Wai yana so ya shiga da idonsa sabo. In muna hirar tallan sai mu fita bakin titi, inda ƙarar keke da babura za ta rufe muryarmu. To akwai Saje Bitrus na barikin Shadawanka, shi ma ɗan gem ne na gaske, bai kuma san da wannan doka ba. Ya zo a auna shi kaftani da wando. Habu ya durƙusa, ya ɗora tef daga ƙugu yana gangarowa, sai Saje ya buɗe baki.

"Oga tela, ka gan sabon talla? Wannan mata da ya mutu a na biyu, ashe bai..."

"La'ilaha illallahu! Saje, rufe bakinka!"

Ya saki tef, ya wawuri ƙyallaye biyu a ƙasa ya cusa a kunnuwansa, ya runtse ido don kada ya karanta leɓen mutumin, ya shiga waƙe-waƙe da ƙarfi. A haka ya ƙarasa awon, ido rufe. Bayan mako biyu sai ga Saje ya dawo sanye da wando da ya tsaya masa a tsakiyar ƙwauri.

"Oga tela, wannan wando na yaro na ne, ko nawa?"

Habu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Iya inda na auna ke nan kafin ka fara magana. Sauran tsawon yana bakinka."

Saje ya yi dariya har da dukan bango. Habu ya sake ɗinka masa wani, suka zama aminai, ko da yake duk ranar da Saje zai shigo shagon sai ya tsaya a ƙofa ya ɗaga hannu ya rantse ba zai ce komai ba. Ranar da Habu ya rasu, Saje yana cikin waɗanda suka fara isowa, da kakinsa, ya tsaya daga gefe yana share ido da hularsa.

Sai kuma shekarar da masu gem ɗin suka sa ranar fitowa, muka yi ta murna, ana saura kaɗan suka ce sun ɗaga sai baɗi. Ranar shagon ya cika da ɓacin rai. Kowa na zagi, wani ya ce mayaudara ne, wani ya ce ya fasa saye. A kan benci kuma ga Hajiya Ladi, maƙwabciyarsu, ta zo karɓar ɗinkin biki a karo na ba adadi. Habu ya tsayar da keke ya ɗaga hannu.

"Ku daina zagin bayin Allah. Ni na san abin da ya faru. Sun yanka, sun haɗa, sun ɗaga rigar sun ga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Su ba ku a haka? Mutanen nan teloli ne 'yan'uwana, ku bar su su warware su sake."

Hajiya Ladi ta ce, "To ni wane hannun ne ya fi tsawo a tawa rigar, Habu?"

Ya ce, "Hajiya, taki ko yankawa ba a yi ba. Amma ina tabbatar miki za ta fito cikin shekarar nan."

Ta jefe shi da mafici, shago ya kaure da dariya. Da aka watse na tsaya taya shi rufe ƙofa. Yana naɗe wani yadi, bai dube ni ba, ya ce, "Sadi, shekara guda fa suka ƙara."

Na ce, "Ba kai ka ce a bar su su yi a hankali ba?"

Ya ce, "Na ce. Ban ce ina da ita ba."

Muka sa kwaɗo muka tafi masallaci.

Shekarar ta zo masa da nauyi. Ciwon ya taɓa ƙoda, ƙafafu suka kumbura, keken ɗinki ya gagare shi. Ya rufe shago ya koma ɗakin Goggo da kwanciya. Duk da haka in ka shiga duba shi, kafin ka ce ya jiki ya riga ka: "Ya fito?" Na tsani tambayar nan a watannin ƙarshe, ba zan ɓoye muku ba. Kullum in zan shiga gidan sai na tsaya a zaure na shirya fuskata, don na gaji da ce masa a'a.

Allah da ikonsa, ya fito Habu na da rai. Wani direba ya taho mana da faifan daga Kano, na karɓa a tasha na hau babur ko hula ban tsaya ɗauka ba. Na faɗa ɗakin ban yi sallama ba. Ya buɗe baki zai tambaya, na ce, "Ya fito!" Ya karɓi kwalin da hannu biyu, ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Alhamdulillahi." Sannan ya ce in koma waje in yi sallama.

Muka jawo talabijin zuwa gaban katifarsa. Aka sa faifai, sai na'ura ta ce sai an sauko da wani ƙari daga intanet tukuna. Sabis na jan ƙafa, wuta na zuwa tana tafiya, ni ina ta huci kamar in fasa akwatin. Habu na kwance yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Kwantar da hankalinka. Ɗinki ya fito, saura guga."

Da ya buɗe a ƙarshe, abin da ya fara bayyana shi ne wurin ƙera jarumi. A wannan kashin ba a ba ka mutum shiryayye, kai za ka zaɓa masa fuska da jiki, daga goshi har haɓa. Na ce ya ɗauki kowanne mu shiga gari, don ina ganin yadda numfashinsa ke fita da ƙyar. Ya ƙi. Yatsunsa sun kumbura ba sa iya riƙe hannun gem ɗin, saboda haka ni na riƙe, shi yana ba da umarni kamar ina yaron shagonsa.

"Ƙara faɗin goshi. Ya yi yawa, rage. Kunnuwan nan ka ɗan buɗe su."

"Habu, don Allah mu shiga! Shekara nawa kana jira?"

"Wanda ya jira shekaru zai gaji da yini ɗaya? Sauko da girar."

Har la'asar muna abu ɗaya. Can na ɗaga kai na dubi talabijin da kyau, na dubi mai kwance, sai na gane fuskar wa muke yi.

Goggo ta shigo da kwanon kunu. Ita fa tun muna yara ba ta da abokin gaba kamar gem, "aikin banza" take kiransa, ta sha ɓoye mana waya a cikin buhun gero. Ta ajiye kwanon, ta kalli talabijin, ta tsaya cak.

"Wa nake gani haka?"

Habu ya ce, "Inna, ya yi kama?"

Ta matso, ta ƙura ido. Ta ce, "Hancin bai yi ba. Naka ya fi tsawo, na babanka ne." Ta jawo tabarma ta zauna. Ita ta tuna mana da tabon da ke girarsa ta hagu, na faɗowar da ya yi daga bishiyar mangwaro a gonar kakanmu a Zungur, muka nemo tabo muka sa. Da muka zo kan idanu na ga akwai launuka iri-iri, na dube shi ina jiran abin da zai ce. Ya ce, "Bar su farare." Kumatu kuma ya ce in cika su. Na cika, ya ce in ƙara. Goggo ta ce, "Tsaya nan. Haka yake yana jariri, kafin ciwon ya fara."

Aka kira magariba mun gama. Ga Habu tsaye a talabijin, cikakken mutum, kafaɗa a buɗe. Na ce, "To, bismillah, in danna mu shiga?" Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ya gaji, a bari sai da safe, yana so ya shiga da ƙarfinsa. Da safe ciwon ya tashi, muka ɗauke shi zuwa asibiti. Bai dawo ɗakin ba. Ya ga fitowar abin da ya jira, amma ko ƙofar garin farko bai taka ba.

Bayan an share makoki na je ɗaukar na'urar, don kada ta riƙa tayar wa Goggo da hankali. Ina cire waya ta ce, "Sadi, kunna mini tukuna." Na kunna. Hoton ya fito yadda muka bar shi, yana tsaye, yana ɗan ƙyafta ido, ƙirjinsa na hawa yana sauka a hankali.

Ta ce, "Numfashi yake yi?"

Na ce, "Haka suke yin su, Goggo. Ai hoto ne kawai..."

"Na san hoto ne, ba sai ka gaya mini ba."

Ta zauna tana kallo, carbi a hannu, ba ta ja. Can ta ce, "Tun da na haife shi ban taɓa ganin ya yi numfashi da sauƙi haka ba."

Na mayar da wayar inda take, na bar na'urar a ɗakin. Ku duk kun gama gem ɗin, na ji kuna cewa ya yi kyau. Ni har yau ban danna ba, kuma ba na jin zan danna.

Allah ya jiƙan Habu, ya gafarta masa. Ya sa ciwon da ya sha tun yana zanin goyo ya zama kaffara, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba shi hutun da bai samu a nan ba. Allah ya ba Goggo haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.